Kilo 19 a Bayan Moto

Wani mai awon wake da ke bakin Kasuwar Dole, a nan Damagaram, shi ya fara gaya mini nauyin abin da na shekara shida ina ɗauka. Ranar na tsaya mu gaisa, kan ampilina ɗaure da roba a bayan moto, sai ya ce cikin raha in sauke mu ɗora a sikeli, mu ga ko ya kai rabin buhu. Muka ɗora. Kilo 19. Ya kwashe da dariya, ya ce ashe yaron da ya isa shiga lekol nake goyo kowane dare ban sani ba. Ni ma na yi dariya, na ɗaure kayana na wuce. Bayan wata huɗu ne abin ya daina ba ni dariya.

Waɗanda suka san ni a rediyo, murya suka sani. Daga Litinin zuwa Asabar ina gabatar da shirin gaishe-gaishe da zaɓen waƙoƙi, daga bayan magariba zuwa ƙarfe tara na dare. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa mutumin da ke tsaye can baya kusa da mai ganga a wurin biki, rataye da jita mai tsirkiya huɗu, shi ne dai mai karanta musu gaisuwa ɗazu. Ba ɓoyewa nake yi ba, sai dai mai kaɗa bas ba a cika kallonsa ba. Ido na kan mawaƙi da mai solo. Mu namu a ƙirji ake ji da tafin ƙafa, kuma sai ranar da ba mu zo ba ake tambayar me ya sa rawar ta ƙi daɗi.

Jitar bas ita kaɗai ba ta da murya. In ka kaɗa ta babu wuta, wanda ke zaune a tabarma ɗaya da kai ma da ƙyar zai ji. Muryarta na cikin abu biyu: ampili, wanda ke karɓar ɗan siririn sautin da ke fitowa daga jita ya ƙara masa ƙarfi, da kuma bafil, wato akwatin lasifika da ke tura iska. Akwai inda ake haɗa su a akwati ɗaya, akwai inda ake raba su. In an raba, ampilin ne ake kira kai, don a saman bafil ake ɗora shi kamar kai a kan wuya. Bafil ɗina tun la'asar yaran sono ke kwashe shi tare da sauran kaya su kai wurin biki. Kan kuwa ban taɓa yarda ya bi su ba. Da ni yake zuwa gidan rediyo, ya kwanta ƙarƙashin teburin mai gadi, in na rufe shiri in ɗaure shi a moto, jita a bayana, in nufi inda ake jirana.

Dalilin da ya sa ba na barin kowa ya taɓa shi, ba nawa ba ne tun asali. Na wani dattijo ne da ya koya mini kiɗa, wanda nake kira Baba ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya yi zamaninsa a orkes tun lokacin Samariya, a mulkin Seyni Kountché, sa'ad da kowace jiha ke shirya makaɗanta don bukin matasa na ƙasa. Ranar da yatsunsa suka fara ƙin bin umarninsa, ya kira ni gida, ya nuna mini akwatin da ƙafa ya ce, “Ɗauki. Ya fi ka shekaru, ka girmama shi.” Mahaifina bai taɓa son wannan harka ba. A ganinsa wanda ya je Yamai ya yi karatun aikin jarida a IFTIC ya dawo da takarda, bai kamata a gan shi tsakiyar maroƙa ba. Bai hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata yadda wasa ya kasance ba. Baba ne ke tambaya.

Abin ya faru ne wani daren Asabar a Mirya. An tashi biki wajen ƙarfe biyu, kowa ya gaji, na sunkuya in ɗaga kan daga saman bafil in kai moto kamar yadda na yi sau ɗaruruwa. Na ɗaga, na juya, sai na ji kamar an soka mini allura mai zafi a ƙasan baya. Ban faɗi ba, amma na kasa miƙewa, na kuma kasa ajiye abin da ke hannuna, sai da mai ganga ya zo ya karɓa. A bayan motar kaya aka dawo da ni gari, kwance tsakanin lasifikoki. Sati uku ban shiga sitidiyo ba, don zama a kujera na awa biyu ya fi ƙarfina. Wani abokin aiki ya riƙe shirin, masu kira suna ta tambaya ko tafiya na yi. Likita ya duba ni, ya rubuta magani, ya ce in ina son in ɗauki jikokina wata rana, kada in ƙara ɗaga abin da ya wuce kilo goma.

Uwargida ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, “Malam, albashin rediyo shi ne tuwo, kuɗin kiɗa su ne haya da kuɗin makarantar yara. In bayanka ya tafi, duka biyun sun tafi. Ko ka bar akwatin nan, ko ka bar kiɗan.” Na ce akwai hanya ta uku, akwai ƙananan ampili da ake yi yanzu, waɗanda ke shiga jakar goyo. Ta ce nawa? Na ce ban sani ba tukuna. Ta ce to in sani.

Kwanciyar jinya ta ba ni lokacin da ban taɓa samu ba. Waya a hannu, ina kwance rigingine, na shiga karatun abin da na shekara ina amfani da shi ba tare da na san cikinsa ba. Tambayata ta farko ita ce ta duk wanda ya taso da tsofaffin kaya: ta yaya abin da bai kai kilo uku ba zai yi ƙarfin abin da ya kai kilo ashirin? A wurinmu nauyi shi ne shaidar inganci. Ko rediyo za ka saya a kasuwa, sai ka ɗaga ka ji ko “akwai kaya a ciki”. Shahararren ampilin bas da ake kira Ampeg SVT, wanda ya fito a 1969, wat 300 yake bayarwa, nauyinsa kuma ya kusa kilo 40. Yau ga wani ɗan mitsitsi mai suna Trace Elliot ELF, wat 200, bai cika kilo ɗaya ba, yana shiga aljihun riga. Da farko na ɗauka ƙaryar ƴan talla ce.

Ashe nauyin tsohon ampili wuri biyu yake taruwa. Na farko taransifo, dunƙulen ƙarfe da wayar tagulla da ke sauya wutar gida zuwa wadda ampili ke ci. Wutar gida tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma a wannan jinkirin sai da babban ƙarfe aikin ke yiwuwa. Sababbin kaya suna fara tsinka wutar su mayar da ita mai kai da komo sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, sai ɗan ƙaramin taransifo ya wadatar. Duk wanda ya tuna nauyin adaftar tsofaffin rediyo, ya kuma dubi cajar wayarsa ta yau, ya riga ya ga wannan canji da idonsa. Na biyu, faranta masu haƙarƙari da ke shanye zafi. Tsohon tsari yana ɓarnatar da kaso mai yawa na wutar da ya ci, ta zama zafi, dole a yi mata hanyar fita. Sabon tsarin da ake kira aji D, taransistocinsa kunnawa da kashewa kawai suke yi da saurin da kunne ba ya kamawa, don haka kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar na tafiya ga lasifika. Zafi ya ragu, ƙarfen shanye shi ya ragu. Babu sihiri a ciki.

Da na gamsu da wannan, sai na faɗa ramin da kowa ke faɗawa, wato farautar lamba. Wannan 500, wancan 800, ga wani 1000. Na kwana biyu ina jin cewa in ban sayi mai 800 ba na yi asara. Abin da ya fito da ni darasi ne na ajin fasahar sauti da muka yi a makaranta, wanda na haddace don jarrabawa na watsar. Kullum ina kallon allurar desibel tana rawa a teburin sitidiyo, amma ban taɓa haɗa ta da kiɗana ba. In ka ninka ƙarfin ampili sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, abin da kunne zai ce “an ɗan ƙara”. Kafin mai sauraro ya ce ƙarar ta ninka, sai ka ƙara wajen desibel 10, wato ka ninka wat sau goma. Tsakanin mai 500 da mai 800 kuwa desibel 2 ne. A kan desibel 2 na so in ƙara kuɗin hayar wata biyu.

Wannan ba ya nufin wat ba shi da amfani, musamman gare mu masu bas. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitata tana karkarwa sau 41 a daƙiƙa, rabin ta jitar solo. Kunnen ɗan Adam ba ya jin irin wannan sauti na ƙasa da sauƙi, kuma tura shi na bukatar iska mai yawa. Shi ya sa mai solo zai cika fili da ɗan ampili mai wat 50, ni kuwa ina bayansa da ninkin wannan sau huɗu ina nishi. Ga shi mu ba a ɗaki muke wasa ba. Bikinmu a titi ne ko a fili, ƙarƙashin rumfa, babu bangon da zai dawo maka da sauti. Abin da ya fita ya tafi ke nan. Amfanin wat mai yawa shi ne ka samu sarari, ka yi wasa a rabin ƙarfin ampili, in mai ganga ya zabura kai ma ka bi shi ba tare da sautinka ya fashe ba.

Sai maganar om, wadda ta fi ba ni kunya. A bayan kowane bafil akwai lamba, galibi 8 ko 4, da ke nuna yadda yake tare wutar da ampili ke turo masa. Lambar wat da ake bugawa da manyan haruffa a kwali kusan kullum ta om 4 ce. In bafil ɗinka mai om 8 ne, abin da za ka samu ya ragu sosai. Na sa ƙanena ya juya tsohon ampilin Baba ya karanta mini abin da ke rubuce a baya: wat 200 a om 4. Ya duba bafil: om 8. Wato shekara shida ina gaya wa mutane ina da wat 200, alhali abin da ke fita ɗari ne da ƴan kai. Daga ranar na daina duba babbar lamba, na koma neman ƙaramar da ke ƙarƙashinta. Fender Rumble 500, wat 350 a om 8. Aguilar Tone Hammer 500, wat 250. Markbass Little Mark III, wat 300. Dukansu 500 ne a kwali, kuma ba wanda ya yi ƙarya, kowa ya rubuta gaskiyarsa a inda mai haƙuri zai gani. Na kuma koyi neman haruffan RMS kusa da lambar, don su ke nuna ƙarfin da abu zai iya riƙewa, saɓanin irin lambobin da ake mannawa a rediyon kasuwa, inda za ka ga abin da bai fi bulo ba an rubuta masa wat 5000.

A nan ne na gane cewa in ƙara nake so, bafil na biyu ya fi mini babban ampili. Bafil biyu masu om 8 in an haɗa su sun koma om 4, ampili ya saki dukan ƙarfinsa, ga kuma lasifika biyu na tura iska maimakon ɗaya. Amma akwai iyaka. Yawancin waɗannan kawuna ba sa jure ƙasa da om 4, yaran sono kuwa in suka ga rami a bayan akwati sai sun cusa masa waya. Na sha ganin an jera lasifika uku, huɗu a kan ampili ɗaya don mai biki ya ce yana son a ji har unguwar gaba.

Duk wannan karatu na takarda ne. Da na fara takawa da sanda, sai na je wurin mutumin da ya fi kowa sanin cikin tsohon ampilina, wani mai gyaran rediyo da talabijin a Zango, wanda rumfarsa ke warin dalma da ƙura. Sau uku yana ta da akwatin nan daga mutuwa. Na nuna masa hotunan cikin sababbin a waya. Ya gyara tabarau, ya ja hoton da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo.

“Ka ga waɗannan ƴan ƙwayoyin kamar gero?” ya ce. “Inji ne ya ɗora su. Bakin ƙarfena ya fi guda biyar ɗinsu faɗi. Naka na da, in ya mutu, in buɗe, in ga abin da ya ƙone da idona, in ciro irinsa daga wata matacciyar rediyo in sa. Wannan in ya mutu, allon gaba ɗaya ake canzawa. A ina za ka samo allon?”

Na ce sai an aiko daga waje.

“To kafin ya zo, bikin mutane fa?”

Ban da amsa. Ya ci gaba da cewa tsohon taransifo kamar jaki yake, in wuta ta yi ƙasa ya yi ƙasa da ita, muryarsa ta dushe amma yana tafiya, in ta yi sama ya yi gurnani ya haƙura. Sababbin kuwa wasu na kashe kansu in wuta ta sauka, wasu in ta yi tsalle sai hayaƙi. Ya nuna mini wani ɗan ƙaramin ampili a kan kanta, na wani mai piyano, wanda janaretar wani biki ta kashe tun bara, har yau yana jiran kayan gyara. Wannan ba labari ba ne a wurina. Rabin wasanninmu a kan gurup muke yinsu, irin wanda mai shi zai haɗa masa fitilu da firji da injin ƙanƙara, kowane lokaci firjin ya tashi ka ga fitilu sun lumshe ido. A shekarar 2023, da aka rufe iyaka wuta ta yi wuya, kusan kowane wasa a haka muka yi shi.

Na fito daga rumfar nan jikina a sanyaye. Waɗanda suka ƙera ƙananan kawunan nan sun yi su ne don mawaƙin da zai hau jirgin ƙasa da jaka ɗaya, ya isa zaure mai sanyi, ya cusa waya a bango ya samu wutar da ba ta motsi. Ba su yi lissafin watan Afrilu a Damagaram ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko ƙurar hunturu da ƴar fankar cikin ampili za ta riƙa zuƙa tana tarawa. Na yi kwana uku ina tunanin ko in haƙura, in ɗauki yaro ina biyansa ya riƙa ɗaukar mini tsohon. Amma yaro ba zai jira ni a ƙofar gidan rediyo ƙarfe tara na dare ba, kuma moto ɗaya ba ta ɗaukar ni da shi da jita da kilo 19.

Abin da ya yanke mini shawara kunne ne. Aiki ya kai ni Yamai wani taron ƴan jarida, da dare na bi wani aboki wurin da wata orkes ke wasa. Mai bas ɗinsu na da ɗan akwati baƙi mai maɓallai rawaya a saman bafil, ko girman kundin rajista bai kai ba. Na tsaya can baya, wajen masu sayar da nama, inda sautin bas ke fara ɓacewa, na ji kowace ƙwaya tana isowa. Da aka huta na je na gabatar da kaina, ya miƙo mini jitarsa ba tare da na roƙa ba. Na kaɗa na minti biyar. Gaskiya sautin ba irin na Baba ba ne. Na Baba yana da wani kauri mai ɗan datti, kamar muryar dattijon da ya sha goro. Wannan a wanke yake, duk abin da yatsanka ya yi sai ya faɗa, har kuskuren da tsohon ke rufa maka asiri a kai. Akwai wani maɓalli da in ka murɗa yake rage kaifin sama ya kusantar da shi ga tsohuwar murya, ya kusa amma bai kai ba. Na tambaye shi batun wuta. Ya nuna mini wani akwati a ƙasa da ƙafarsa, regilate, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira sitabilaiza. Ya ce shekara huɗu bai taɓa cusa ampilinsa a bango kai tsaye ba.

Saura inda za a saya. Wani ya yi mini tayin ɗaya da aka kawo daga Amurka, da araha har ta ba ni tsoro. Na ce ya turo hoton bayansa. An rubuta bolt 120. Wutarmu 220 ce. Akwai kawunan da ke karɓar kowace iri, akwai masu ɗan makunnin sauyawa, akwai kuma waɗanda aka yi wa ƙasa ɗaya kawai, in ka cusa su a namu bango ko sallama ba za su yi ba. Wannan na ukun ne. Na gode masa. A ƙarshe ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke karatu a Faransa, inda wutarsu ta yi daidai da tamu, ya samo mini Little Mark III na hannu a wurin wani da ya daina kiɗa. Na sa shi ya kunna a gabansa, ya murɗa kowane maɓalli ina ji ta waya ko akwai ƙarar tsatsa, ya kuma ɗauko mini hoton ramin da ake jan waya zuwa teburin sono, don a manyan wurare ta nan sautina zai shiga manyan lasifikoki. Yuro 350, kusan jikka 230 a kuɗinmu, wato sefa dubu 230. Ina da 90. Sauran uwargida ce ta ɗauki adashenta, wanda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da shi, ta ajiye mini a kan katifa. Ta ce bashi ne, kuma ta rubuta.

Ya iso cikin akwatin tufafin wani ɗalibi da ya zo hutu, ya sauka Yamai, ya hau motar safa ya yi kusan kilomita 900 zuwa nan, naɗe cikin tawul. Da na buɗe, ƴata ta fari ta ɗauke shi da hannu ɗaya ta ce, “Baba, wannan ne na jikka ɗari biyu?”

Wasan farko da shi a unguwar Birni ne. Shef ɗinmu ya dubi abin da na ɗora a saman bafil, ya dubi ni, ya ce in dai wannan abin wasan yara ya ba shi kunya a gaban mutane, daga aljihuna za a biya. Ban kai maɓallin murya rabi ba. A waƙa ta biyu mai ganga ya waiwayo yana murmushi, ya yi mini alama da sanda in ɗan rage. Shekara shida muna tare, bai taɓa cewa in rage ba. Da aka tashi na cire wayoyi, na sa kan a jakar makarantar da ƴata ta daina amfani da ita, na rataya. Har na kai moto ina jin kamar na manta wani abu.

Kada in yi muku ƙaryar cewa komai ya warware. Regilate da na saya ya fi ampilin nauyi nesa ba kusa ba. Na koma wurin mai awon wake don ya ga ci gaba, ya ɗora kan: bai cika kilo 3 ba. Ya ɗora regilate: kilo 6. Ya ce yaron ya rame, amma an ɗauko masa mai reno da ta fi shi ƙiba. Shi regilate yanzu da yaran sono yake tafiya, in ya faɗi ba zan yi kuka ba. Kowane sati biyu ina share ramukan fanka da burushin fenti. Ba na barin kan a rana, ba na rufe shi da tsumma yana aiki. Na sayi wayar bafil ta gaske mai kauri, na kuma manne ramin na biyu da salatif don masu son cusa abin da ba a sa su ba. In wasa a ƙauye ne kuma ban san gurup ɗin ba, tun safe nake sa samari biyu su ɗauki tsohon ampilin su kai mota, sabon ya kwana a gida. Bashin uwargida saura jikka 40.

Abin da na fi jin nauyinsa shi ne gaya wa Baba. Na yi wata biyu ina ɗagawa. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na sa aka kai bafil gidansa a amalanke, na bi da jita da jaka. Yana zaune a zaure a kan buzunsa. Na fito da kan na ɗora masa a cinya. Ya ɗaga shi, ya jijjiga kusa da kunne kamar mai duba kwakwa.

“Ina sauran?”

Na ce shi ke nan duka, Baba.

“Nawa fa? Ka sayar?”

Na ce yana nan, jiya ma an share shi, ranar Lahadi zai je Magarya.

Ya yi shiru. Sannan ya ce in haɗa. Na haɗa, na miƙa masa jita. Yatsunsa sun kumbura a gaɓoɓi, da ƙyar ya danne tsirkiya, amma ya ja wani tsohon salo nasu na zamanin Samariya, a hankali, har ƙofar langa-langa ta zauren ta ɗauki karkarwa. Yara suka leƙo daga cikin gida. Ya tsaya, ya sake bugun tsirkiyar sama ita kaɗai, ya karkata kai yana saurare har sautin ya mutu.

“Ɗana,” ya ce, “tun yaushe rabonka da canza tsirkiyar nan?”

Na ce an kwana biyu.

“An shekara biyu dai. Da can akwatina na rufa maka asiri. Miƙo mini goron can, ka zo ka ɗaure ta, ta sauka.”